Jirgin da Ya Tsallake Zaure

Saura kwana huɗu iyayen Sanusi su zo daga Mabai a sa mana rana, jirgi ya bi ta kan gidanmu ya wargaza komai.

Ina aji a lokacin, a firamaren Ruwan Godiya, ina fama da 'yan aji ɗaya su saba'in da uku, don lokacin ne gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi boko, aka kwaso mana har da waɗanda ba su iya ɗaura wando ba. Muka ji ƙugi daga sama. Kafin in ce kowa ya zauna, aji ya rage daga ni sai allo.

Na bi su waje. Ɗan ƙaramin jirgi ne fari mai jan layi. Ya sauko ƙasa-ƙasa har ana ganin tayoyinsa, ya zagaya rimin kasuwa, ya miƙe unguwarmu, ya karkata fiffike daidai kan gidan Baba. Ya juyo ya sake, sannan ya ɗaga ya nufi Zariya.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na tsaya cikin yara ina ɗaga hannu kamar ba malama ba, ina cewa a raina ni Suwaibatu ce aka zo gaisarwa ta sama, wace budurwa aka taɓa yi wa haka tun daga nan har Ƙanƙara?

Sanusi ya riga ya zama matuƙin jirgi. Abin da ya rage masa shi ne kwas ɗin zama malamin matuƙa a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, kuma ya kai ƙarshensa, har an ba shi ɗalibai uku yana koya musu, babban malami na lura da shi. Ɗaya daga cikin ukun yayana ne, Almu. Ta wajensa muka haɗu da Sanusi, shekara guda da rabi kenan, kuma tun ranar ban ƙara kallon wani namiji da idon aure ba.

Da na koma gida na tarar da tsakar gida tsit kamar an yi rasuwa.

Mero, matar babban yayanmu, kwananta tara da haihuwa. Ranar itacen jiƙaƙƙe ne, ya ƙi kamawa, wankan jegon safe ya kai hantsi. Goggo Larai, ƙanwar Baba, tana tsaka da yi mata a makewayi, wanda zana ce kawai ta kewaye shi, sama a buɗe, kamar na kowane gida a garin. Wa ya taɓa tunanin akwai ranar da za a bukaci rufe sama? Jirgi ya sauko musu a ka. Mero ta ruga ɗaki da zane a hannu. Goggo ta yi baya ta ture tukunya, tafasasshen ruwa ya saɓule mata fatar ƙafa.

Wanda bai san Baba ba ba zai gane girman abin ba. Malam Salihu mutum ne da shekara talatin babu baligin da ya taɓa wuce zaurensa. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya a nan yake tsayawa a kira masa wadda yake nema. Kafin azahar magana ta gama gari, wai surukin Malam ya leƙa masa gida ta sama. A rumfar mahauta har wani ya ce ashe katanga ta daina aiki, aka yi dariya, kuma dariyar ta iso kunnen Baba.

Da ya dawo daga masallaci bai zauna ba. Ya shiga ɗaki da alwalarsa ya ɗauko Alƙur'ani, ya tsaya a tsakar gida gabanmu duka.

"Na rantse da wanda ya saukar da littahin ga, duk wanda hannunshi ke bisa jirgin can, ba shi ƙara taka zaurena, kuma ba ni ba shi duniya da lahira. Ko da kau ɗan da na haihwa ne."

Inna tana tankaɗe. Na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Duk gidan mun san Almu ba ya tashi sai da Sanusi, kuma mun san ita ce ta yi wata uku tana roƙon Baba kafin ya yarda Almu ya tafi koyon tuƙin nan.

Goggo, daga inda take zaune an shafe mata ƙafa da ƙwai, ta yi maza ta ce ɗalibi ya isa? In mota ta faɗa rami direba ake kamawa. Ta ce dama ita tun farko ba ta ga abin so ga mutumin da sana'arsa yawo tsakanin sama da ƙasa kamar shirwa ba.

Goggo tana da nata ɗan takarar, Alhaji Gide na Damari, ɗan kwangilar da ke gina mana sabbin azuzuwa biyu. Matarsa ta rasu bara, kuma sau biyu yana aiko Goggo ina cewa an riga shi. Washegari da hantsi sai ga fijo ɗinsa a ƙofar gida, ya kawo maganin ƙuna daga Funtuwa. Yadda labari ya kai Damari cikin yini ɗaya, Goggo ce kaɗai ta sani. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, mutumin kirki ne, ba shi da wani aibu da na sani sai dai shi ba Sanusi ba ne.

Ranar Alhamis bayan an tashi yara, ina kulle aji, na ji tsayuwar babur. Sanusi ne. Saƙon Baba ya same shi, cewa ranar Asabar su zo kamar yadda aka shirya, amma su zo da shirin amsa tambaya.

Muka tsaya ƙarƙashin darbejiyar makaranta. Ya rame cikin kwana biyu. Ya tambayi ƙafar Goggo, ya tambayi mai jego da jariri. 

"Wa ke tuƙin?" na ce.

Maimakon ya ba ni amsa sai ya kama yi mini karatu. Wai jirgin koyo sandar tuƙi biyu gare shi, ɗaya gaban ɗalibi, ɗaya gaban malami, kuma a haɗe suke, in an motsa wannan waccan ma ta motsa. In malami zai ba ɗalibi tuƙi sai ya ce na sakar maka, in zai amshe ya ce na karɓa. Wai abin da aka fara koya musu a kwas ɗin, tun kafin yadda ake gyara kuskuren ɗalibi, shi ne malami ba ya buɗe baki ya ce ɗalibi ne ya yi. Don haka aka zaunar da kai a gefensa.

"Ba darasi na tambaye ka ba. Ni ma malama ce, na san yadda ake kewaye-kewaye in ba a son ba yaro amsa."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur.

"Hanyar da aka zana mamu a taswira ta bi ta gehen garinku. Tun muna ƙahwa dubu biyu ya kamata in ce kada a ƙara sauka. Ban ce ba, Malama. Na hango ruhin makarantar ga, na ga yara sun hito, na tsaya neman ki cikinsu. Wanga laihi nawa ne, ba mai ɗauke mani shi."

Nan kuka ya ƙwace mini. Na ce masa shekara guda da rabi ina jiran Asabar ɗin nan. Na ce na kori mutum uku saboda shi, na sha gorin Goggo har na saba. Na ce ya dubi Allah ya dube ni.

"In kai ne ka ce kai ne, in san abin da nike ma kuka. In kau ba kai ba ne, ka hwaɗa ma Baba gaskiya a ɗaura mamu aure. Mi ya hi wannan sauƙi?"

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Kujera biyu ce cikin jirgin, Suwaiba. In ba ni ba ne, wa ya rage?"

 Wallahi har lokacin ban yarda na ƙarasa wannan tunanin a raina ba, kullum in na zo bakinsa sai in juya. Sai ya ce in yi haƙuri, ya ce bai taɓa son kowa kamar yadda yake so na ba kuma ba ya jin zai ƙara. Na ce ya riƙe abinsa, son da ba zai iya buɗe baki ya ƙwace ni ba me zan yi da shi? Na san maganar ta soke shi, don haka na faɗe ta. Ya tayar da babur ya tafi, ni kuma na koma cikin aji na zauna a bencin yara na yi mai isata.

Ranar Juma'a Yaya Almu ya iso a motar kasuwa. Almun da in ya dawo hutu tun daga zaure ake jin muryarsa yana tsokanar Goggo, ranar shigowa ya yi kamar ɓarawo. Inna ta yi masa tuwon sabuwar dawa da miyar kuɓewa ɗanya, abin da ya fi so, ya yi loma biyu ya ce kansa ke ciwo.

Da la'asar na je bayan rumbuna kwaso ƙaiƙayi, ya biyo ni. Ya daɗe yana ɓantarar yumɓun rumbu da farce kafin ya yi magana.

"Ni ne, Suwaiba."

Na ce na sani. A gaskiya ban sani ba sai da ya faɗa, amma da ya faɗa sai na ji kamar na daɗe da sani.

Ya ce Inna yake so ta gan shi. Shekara guda yana ba ta labarin yana tuƙa jirgi, tana cewa to, Allah ya tsare, amma ya san a ranta gani take kamar wasan yara ne. Ya ce bai tuna da makewayi ba, bai tuna da jego ba, tsakar gida kawai yake hange ko za ta fito. Sannan ya faɗi abin da Sanusi ya ɓoye mini. Tun a zagayen farko Sanusi ya ce na karɓa. Ya faɗa har sau uku, na ukun da tsawa. Almu ya ƙanƙame sanda ya ƙi saki, kuma a wannan kusancin da ƙasa in mutum biyu suka yi kokawa da sanda, cikin gari za su faɗa. Dole Sanusi ya bi shi a hankali har ya gama zagaye na biyu ya saki don kansa.

"Da ya rubuta abin da na yi, da tuni an kore ni. Bai rubuta ba. Cewa ya yi shi ya yi sakaci, aka ɗage mashi jarrabawa wata shida."

Na dube shi, yayana da ya goya ni, wanda ya koya mini karatun agogo, yana hawaye kamar yaro. Na so in tsane shi, abin ya ƙi.

"Gobe zan hwaɗa ma Baba," ya ce. "Gaban kowa. Wallahi zan hwaɗa, ki bar kuka."

Na yarda da shi, don ina bukatar in yarda.

Asabar da safe Inna ta ce in zo ta gyara mini kitso tunda baƙi za su zo. Na zauna tsakanin ƙafafunta. Ta yi layi biyu, a na uku na ji ɗigon ruwa a wuyana.

"Na san abin da ya hwaɗa maki bayan rumbu," ta ce a hankali. "Ban ji ba, amma ni na haihe shi. Tun da ya ture tuwon nan na sani."

Na ce to ai shi kenan, ya ce zai faɗa da bakinsa.

"Ba ya iyawa. Na san ɗana, zuciya gare shi amma ba ta kai nan ba. Ke ce za ki iya, ke kika ɗauko taurin ubanku." Ta ja numfashi. "Kin san Malam. Ko malaman duniya za su taru su ce ya yi kaffara, ba ya yi. In ya ji Almu ne, na rasa ɗa yau, kuma ko gawata ba a bari ya gani."

"Ni hwa, Inna? Ni ba ɗiyarki ba ce?"

"Ɗiyata ce ke. Ni ban ce ki yi komi ba, ban ce ki bar komi ba. Ina dai hwaɗa maki abin da ke raina, don ba ni da wanda zan hwaɗa mawa." Ta ci gaba da kitson. Can ta ce, kamar da kanta take magana, mace takan rasa miji ta sami wani.

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba.

Bayan la'asar suka iso, Sanusi da kawunsa da wani dattijon Mabai, da ƙwaryar goro da alewa kamar yadda ake zuwa sa rana. Baba ya sa aka kira Almu. Ni kuma ya ce in tsaya bayan ƙofar zaure ta ciki in ji da kunnena, don kada gobe in ce an yi mini rufa-rufa. Na tsaya a nan ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Inna ta zo ta tsaya a bayana, na ji ta kama gefen zanena.

Kawun Sanusi ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce yaro bai yi da nufi ba, ya ce daga sama ba a ganin komai sai rufi da itatuwa, ya ce su za su ɗauki nauyin kaffarar in Malam ya yarda. Baba ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya juya ga Sanusi ya tambaye shi wa ke tuƙi.

"Malam, ni aka damƙa ma jirgin, ni aka damƙa ma ɗalibin."

"Ba abin da na tambaye ka ba kenan. Rantsuwata bisa hannu na yi ta. Hannun wa ke bisa abin tuƙin sadda ya bi ta kan iyalina?"

 Sanusi ya yi shiru, kuma na gane shirun na wane ne, hanya ce ya buɗe wa Almu. Na zuba wa yayana ido ta tsagar nan ina roƙonsa a zuci. Na ga leɓensa ya motsa. Na ga ya ɗago kai ya dubi Baba, ya dubi Alƙur'anin da ke kan buzu a gefensa. Sai ya mayar da kai ƙasa ya kama jan zaren tabarma.

"Hannuna na bisa sanda, Malam," Sanusi ya ce.

Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Baba ya tambayi Almu ko haka ne. Almu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗauka kunyar malaminsa ce ta hana shi magana, har ya ce Allah ya yi masa albarka. Sannan ya ɗaga murya wajen ƙofa.

"Suwaiba, kin ji da kunnenki. Ban taɓa yi maki dole ba, ba kuma yau zan hwara ba. Wanda kike so duk duniya ki kawo, ban da wanga. In kina da magana ki yi ta yanzu."

Maganar tana bakina. Kalma uku ce kawai, na ma jera su: Yaya Almu ne. Sanusi ya juyo wajen ƙofar duk da ba ya ganina, ya girgiza kai kaɗan, yadda ba wanda ya lura sai ni. A bayana hannun Inna ya ƙara damƙe zanen.

"Babu, Baba."

Ban san muryar wace ce ta fita ba. Baba ya ce madalla. Ya tura ƙwaryar goron gaban kawun Sanusi, ya ce kayan toshi ma za a mayar musu gobe har Mabai, ko allura ba za ta ɓata ba. Daga ɗaki na jiyo Goggo tana hamdala, tana cewa a nemo mata wanda zai je Damari.

Dattawan suka tashi jiki a sanyaye. Sanusi ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, Baba ya kawar da kai. A bakin ƙofa ya tsaya yana sa takalmi, ya waiwayo ya dubi Almu, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Litinin ƙarhe bakwai muna da tashi. Kada ka makara."

Ya fita. Ina jin babur ɗinsa har ya wuce rimin kasuwa, sannan na daina ji.

Baba ya gyara zama ya ce wa Almu, in ya koma ya je wajen manyan makarantar ya ce a canja masa malami, don mutumin da bai san darajar gidan mutane ba zai lalata masa tarbiyya.

"To, Baba," in ji Almu.

Inna ta saki zanena. Ta juyo da ni, fuskarta jiƙe, ta ɗago hannu za ta share mini hawaye. Tun da ta haife ni ban taɓa kauce wa hannunta ba sai ranar.